Kara da Kaɗa

Idan ka ratsa ta bayan kasuwar Kakuri da hantsi, za ka ga wani dattijo siriri zaune a kan benci a gaban rumfar masu hatsi, da basilla a hannu, yana ɗinke buhunan da ɓera ya huda. Kada ka yi masa sallama daga baya, ka tafi kana cewa tsohon nan girman kai gare shi. Malam Zakariyya'u ke nan, kuma ba ya ji. Sai ka zagayo gabansa ka bari ya ga bakinka, a nan za ka sami amsa har da tambayar mutanen gida.

Ba da kurumta aka haife shi ba, masaƙa ce ta cinye masa kunnuwa. Daga wani ƙauye a bayan Funtuwa ya zo Kaduna yana saurayi, a zamanin da in jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, titin Kakuri kan cika da kekuna har mai mota ya rasa ta inda zai bi. A gidansu auduga ake nomawa, sai dai su a can kaɗa suke ce mata, shi ma har ya tsufa bakinsa bai sauya ba. Yakan ce shi kaɗa ya biyo: ya gaji da ganin ana loda ta a mota ana wucewa da ita, ya ce bari ya je ya ga inda take ƙarewa. Aka ɗauke shi a ɗakin saƙa, inda injuna ke jere kamar kunyoyin gona, kowanne yana buga ƙoshiyar saƙa ba hutu. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba ba zai gane ba, don ƙarar har a haƙoranka kake jin ta.

To amma ɗan Adam ba ya iya wuni bai yi gulma ba. Saboda haka ma'aikatan ɗakin saƙa suka ƙirƙiro yarensu na hannu da leɓe. Ka shafi haɓa, manaja na tafe. Ka murza yatsu biyu ka raba su, zare ya tsinke. Ka haɗa kan yatsunka ka hura musu iska, kaɗa ke nan. Abin da hannu ya kasa kuma a baki ake karanta shi: mutum yana can ƙarshen layi zai motsa leɓe ba sauti, kai kana nan ka kwashe zancen tsaf har ka yi dariya. A wannan yare babu Bahaushe, babu Bajju, babu Ibo. Da shi ake zagi, da shi ake gayyatar suna, da shi aka taɓa shirya yajin aiki manaja yana tsaye a tsakiyarsu yana murmushi.

Makanikin da ke kula da injunan layin Zakariyya'u wani Ibo ne gajere mai faɗin ƙirji, ɗan wajen Inugu, sunansa Ikenna. Da faɗa suka fara. Zakariyya'u ya ce makanikin nawa gare shi, Ikenna ya ce masaƙin ne ke kashe inji da garajensa. Suka daɗe suna zagin juna da hannu, har suka lura duk ɗakin babu mai gane daɗin zagin nan sai su biyun, daga nan abin ya koma abota. Wannan yana ce wa wancan Injiniya, wancan yana ce wa wannan Malam, alhali ɗaya bai taɓa leƙa jami'a ba, ɗaya kuma bai taɓa koya wa kowa ko baƙi ɗaya ba.

Ranar da aka rufe masaƙar ba a ce an rufe ba. Hutu aka ce, kafin a shawo kan matsalar wuta, kuma hutun ne ake yi har yau. Da can in Zakariyya'u ya tashi daga aiki ya kasa jin maganar matarsa Hajara, yakan ce ƙarar inji ce ta biyo shi gida, za ta wuce. Sai ga shi ya yi watanni bai ga inji ba, Hajara tana tsaye a gabansa tana magana har jijiyar wuyanta ta tashi, shi kuwa bakinta kawai yake kallo. Sannan ya yarda abin ya zauna.

Ma'aikata suka watse. Wasu suka koma ƙauye, wasu suka hau acaɓa, da yawa kuma baƙin ciki ya kai su ƙasa tun lokaci bai yi nisa ba. Da rigingimun gari suka sa mutane suka riƙa tsallaka kogin Kaduna kowa yana neman inda nasa suka fi yawa, dangin Hajara suka kwashe suka bar unguwar, suka ce ya biyo su. Ya ƙi. Ya ce daga ɗakinsa na unguwar Makera da ƙafa ake zuwa ƙofar masaƙa, in an buɗe ba ya son a neme shi a rasa. Hajara ta zauna da shi a ɗakin nan har Allah ya yi mata rasuwa. 'Yarsu ɗaya, Ummi, tana aure a Gusau, kuma yarinya ce mai zumunci, takan kira shi a waya. Sai ya kara wayar a kunne, ya riƙa cewa "Lafiya lau, madalla, madalla," gwargwadon yadda ya kintata ta yi shiru. Wata rana ashe rasuwar jaririnta take gaya masa, shi kuma yana ta madalla. Sai da maƙwabciya ta karɓi wayar ta fuskance shi ta faɗa masa. Tun daga ranar bai sake ɗaukar waya da kansa ba.

Maƙwabtansa ba mugaye ba ne, gajiya suke yi. Za su faɗi magana, su maimaita da ƙarfi, in bai kama ba sai su yarfa hannu su ce, "Ba komai, Baba, bar shi kawai." Wannan "bar shi kawai" ya fi zagi yi masa ciwo. In ya buɗe baki kuma bai san iyakar muryarsa ba, sai ya ga mutane sun zabura, yara suna rufe baki. Don haka ya rage magana. A masallaci da wutsiyar ido yake bin sahu, a ɗaurin aure ya zauna a gefe ya yi murmushi in ya ga ana yi.

Amma da an yi la'asar, sai ya soke basilla a hula ya kama hanyar gidan Ikenna a cikin Kakuri. Shi ma Injiniya kunnuwansa sun tafi, sai ɗan abin da ya rage a na dama, shi ma matarsa Bridget ta riga shi. Su zauna a baranda suna fuskantar juna, hannuwa su fara aiki. Yaren da aka yi don tsinkewar zare ya girma a hannunsu har ya ɗauki duniya: tsadar shinkafa, ciwon gwiwa, wa ya mutu, wace ƙungiya ta sha kashi a ƙwallo. Masu wucewa sukan tsaya su kalli tsofaffi biyu suna ƙyaƙyata dariya ba wanda ya ce uffan. A barandar nan kaɗai Zakariyya'u ba kurma ba ne. A nan shi ne mai surutu, mai tsokana, wanda ba a gama ba shi labari bai sa baki ba.

Sai idon Ikenna ya fara ciwo. Likita ya ce hawan jinin ido ne, irin wanda ke cin gani daga gefe a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. 'Yarsa Adaora, wadda ke aikin jinya a Inugu, ta zo da kanta a ƙarshen damina. A Kakuri aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta Hajara, kuma ta san yadda ake yi wa Zakariyya'u magana. Ta durƙusa a gabansa ta ɗaga fuska.

"Baba Zakari, ka taya ni yi wa abokinka magana. Ba wai babu asibitin ido a Kaduna ba ne. Amma in an yi masa aiki wa zai kula da shi? Wa zai ɗiga masa magani a kan lokaci? Shi da ko shayi zai dafa sai ya ƙone hannu. In ya ƙara jinkiri, wallahi duhu ne."

Zakariyya'u ya gyaɗa kai, ya ce gaskiyarta ce. Ya kuma yi wa abokinsa magana tsakani da Allah, har Ikenna ya amince zai tattara kayansa ya bi ta a ƙarshen wata. Adaora ta yi godiya ta koma bakin aikinta. Zakariyya'u kuwa ya taka zuwa Makera yana sane da lissafin da babu wanda ya yi sai shi: in Injiniya ya tafi, duk faɗin Kaduna babu sauran mutum ɗaya da zai yi hira da shi.

Hanyarsa ta zuwa kasuwa ta gaban masaƙar take bi, kuma bai taɓa wucewa bai kalli ƙofar ba. Wata safiya a cikin watan nan ya tarar da ita a buɗe. Ana sare ciyawar da ta kai ƙirji, wasu samari suna kankare tsatsa, ga sabon allo an kafa da rubutun Turanci. Ya matsa wurin sabon maigadin, wani magidanci mai fara'a da ake kira Ishaya, ya tambaye shi da muryar da ta sa samarin nan suka waiwayo.

"Me ake yi a nan?"

"Buɗewa za a yi, Baba," in ji Ishaya. "Gwamnati ta sa hannu. Da an gama girbi za ka ga manyan motoci suna shigo da kara."

"Da me?"

"Kara! Kara za a riƙa kawowa!"

Ka tsaya a gaban madubi ka ce kara, sannan ka ce kaɗa, ka gaya mini bambancin da idonka ya gani. Babu. Baki ya buɗe, harshe ya taɓa sama, baki ya sake buɗewa. Da Zakariyya'u ya tsaya ya yi tunani, da ya tuna Ishaya mutumin kudancin Kaduna ne, auduga zai ce. Amma wanda ya shafe shekaru yana jiran kalma ɗaya ba ya tsayawa tambayar daga bakin wa ta fito. Ya ga kaɗa a leɓen Ishaya, ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi ta girgizawa, har maigadin ya fara mamakin tsohon da ke murnar kara haka.

Abin da ke akwai kuwa shi ne, gwamnati ta ba wani kamfani tallafi ya karɓi tsohon ginin, ya kafa tukwane da bututai, a riƙa sayen karan masara da na dawa da totuwa da ɓuntun shinkafa, a niƙa a dafa a tace, a fitar da man da za a gauraya da fetur a zuba wa motoci da Keke Napep. Rediyo ya faɗa har ya gaji. Allon da ke bakin ƙofa ma abin da ya ce ke nan. Sai dai rediyo ba da shi yake ba, Turanci kuma aikin Injiniya ne, ga shi Injiniya ya daina fita saboda ido.

Ranar bai ɗinka buhu ko ɗaya ba. Ya iske Ikenna yana ɗaure kwali, ya ja shi zuwa haske, ya haɗa kan yatsu ya hura musu iska. Ya sake hurawa. Ya nuna wajen masaƙa, ya buɗe tafukansa kamar ƙofa. Ikenna ya tsura masa ido, ya tambaya da hannu, wa ya ce? Zakariyya'u ya nuna idonsa: ni na gani, a bakin maigadi. Gajeren mutumin nan ya zauna a kan kwalin, sannan ya miƙe ya fara kwance igiyar da ya ɗaura.

Da yamma Ikenna ya kira Adaora yana ihu a waya yadda ya saba. Ta ce masa ta ji labarin, ba saƙa ba ce, wani kamfanin mai ne. Ya ce ita da ke Inugu me ta sani? Malam da idonsa ya gani, kuma idon Malam bai taɓa yi masa ƙarya ba. Injunan nan sun daɗe a kwance, babu yaron da zai iya tashinsu sai wanda ya san halinsu. A ba shi zuwa bayan Kirsimeti ya ga an kunna ko layi ɗaya ne, sai a yi masa duk yankan da za a yi. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya juya mata kunnen hagu.

Gaskiya a faɗe ta, makonnin da suka biyo baya sun fi kowane lokaci daɗi a tsufan Zakariyya'u. Ikenna ya fito da sifanoninsa ya goge su da baƙin mai ya jera a kan tabarma. Suka raba muƙamai a baranda, suka kori manajojin da suka mutu tuntuni, suka yi gardama a kan inji na nawa ne ya fi taurin kai. Ko da Zakariyya'u ya ga ana fito da tsofaffin injunan saƙa a guntule ana loda wa masu sayen ƙarfe, bai karaya ba. Ya je ya ba da labari, Ikenna ya ce ai dama, sababbi za a kawo, kuma sabon inji ma sai da tsohon hannu. Mutum in yana son abu, ko me ya gani sai ya zama shaida.

Girbi ya ƙare, motoci suka fara zuwa. Zakariyya'u ya tsaya a bakin ƙofa da wankakkiyar riga yana jiran ya ga fararen dilolin kaɗar da ya sani. Mota ta farko ta shigo, an danƙara mata kara har tana tangaɗi. Ya ce a ransa wataƙila shinge za a yi. Ta biyu ta shigo, kara. Ta uku ma haka. Ya dubi Ishaya, Ishaya ya zaro ɗaya daga wanda ya zubo a ƙasa ya miƙa masa yana dariya.

"Ga shi, Baba, ya iso. Ba na gaya maka ba? Kara."

Ya nuna karan, ya nuna bututan da aka kafa a inda ɗakin rini yake a da, ya kama sitiyarin iska ya murza, ya yi kamar yana zuba mai a tanki. Wannan karon Zakariyya'u ya kalli bakin, ya kalli abin da ke hannunsa, kalmar ta zauna daidai. Ya ajiye karan a hankali a jikin bango, ya ce, "Allah ya sa albarka," ya wuce kasuwa.

Ba a daɗe ba aka yi bikin buɗewa. Aka kafa rumfuna, manya suka zo da babbar riga da jiniyar motoci, aka yi jawabai waɗanda ko masu kunne ba su saurara ba. Aka zuba sabon man a wata Keke Napep da aka yi wa ado da balan-balan, direban ya zaga fili, jama'a suka ɗauki tafi. Kuma ba a yi ƙarya ba, abin murna ne. 'Yan keke da tsadar fetur ta sha musu jini suna fatan sauƙi. Manoman Kujama da na bayan Gonin Gora, waɗanda da can wuta suke cinna wa kara don su huta da shi, yanzu har gona ake bin su a saya. Samarin unguwar Nasarawa sun sami aikin lodi. Zakariyya'u yana tsaye a bayan taro yana kallon tafukan mutane suna haɗuwa suna rabuwa, ya nemi fuska ɗaya da ba ta murna ya rasa. Bai yi wa kowa baƙin ciki ba, amma bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Da la'asar ya je baranda. Ikenna ya tambaya, yaya? Ya amsa, ana ta aiki. Motoci fa? Suna shiga. Ya gaya wa kansa ai bai yi ƙarya ba, aiki ana yi, motoci kuma suna shiga. Gobe zai faɗa. Goben ta zo, hira ta yi daɗi, ya ce jibi. Yana sane da abin da yake yi sarai, yana kuma jin kunyar kansa, amma duk lokacin da ya ɗaga hannu zai fara, sai ya hango ɗakinsa na Makera da la'asar, ba inda za shi, sai hannun ya kauce ya kama zancen ƙwallo.

Ciwo kuwa bai jira shi ba. Ikenna ya fara cewa ya matso kusa, ya koma wajen haske, ya rage sauri. Ya kai hannu zai ɗauki kofi ya dafe tabarma. Kwalbar maganin ɗigawa tana kan taga, wani lokaci ya tuna, wani lokaci ya ɗiga a kumatu. Sai wata rana Zakariyya'u ya shigo ta gefen hagu, ya tsaya kusa da shi har yana iya taɓa kafaɗarsa, ya yi masa gaisuwarsu. Ikenna bai motsa ba. Yana zaune da sifana a cinya, idanunsa a buɗe suna kallon ƙofar gida, yana jiran abokin da ke tsaye a gefensa. Zakariyya'u ya sake ɗaga hannu, ya kaɗa shi sosai. Ko ƙiftawa. Ya daɗe a tsaye yana kallon fuskar nan yadda take in ba kowa, tsohuwa, a gajiye. Sannan ya zagayo ta gaba, fuskar ta washe, aka yi hira kamar kullum, sai dai ranar Injiniya ne ya yi yawancinta.

Washegari Zakariyya'u ya tsaya tunanin yadda zai faɗa. A yarensu babu alamar kara, don wa ya taɓa bukatar kara a ɗakin saƙa? In kuma ya faɗa da baki, abin da ya gani a leɓen Ishaya shi Ikenna zai gani a nasa. Don haka ya bi ta ƙofar masaƙa, ya roƙi maigadi kara ɗaya, ya riƙo shi kamar sanda har cikin Kakuri. Ya zauna a gaban abokinsa, ya kamo hannunsa ya ɗora masa karan a tafi, ya naɗe yatsunsa a kai. Ya haɗa kan yatsu ya hura, ya girgiza kai: babu. Ya bubbuga karan: wannan ne. Ya nuna idonsa, ya nuna bakinsa, ya kife tafin hannu: na karanta ba daidai ba. Sannan ya kama sitiyarin iska ya murza yadda Ishaya ya yi.

Ikenna ya shafa karan daga sama har ƙasa. Ya kai shi hanci. Leɓensa suka motsa, ya gwada kalmar farko, ya gwada ta biyu, ya sake gwadawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke girgiza ƙirji, har hawaye suka zubo. Ya ce da hannu, yanzu motoci ne za su ci abincin shanu? Mu kuma fa, wa zai ci mu? Zakariyya'u bai yi dariya ba. Da dariyar ta lafa, Ikenna ya goge ido ya tambaya, yau ka sani?

Zakariyya'u zai iya cewa e. Ya girgiza kai, ya tura hannu baya ta kan kafaɗa: an kwana biyu. Tun motocin farko.

Ikenna ya juya karan a hannunsa, ya karya shi biyu, ya leƙa farin cikinsa kamar mai neman wani abu. Zakariyya'u ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, kuma da an zage shi da ya fi samun sauƙi. Sai ya ji an taɓa masa gwiwa. Ya ɗago. Ikenna ya nuna ƙirjinsa, ya yi maganar a hankali don kada a sake kuskuren karatu: "Malam, da ni ne, da har yau ban faɗa maka ba."

Adaora ta zo a cikin satin. Ba ta tambayi abin da ya sauya ra'ayin mahaifinta ba, su ma ba su gaya mata ba. Ta duba idanunsa a bakin taga, ta ciji leɓe, ta shiga haɗa kaya. Zakariyya'u ya taya ta ɗinke buhunan tarkace, ɗinki mai kyau wanda ba zai warware a hanya ba. Ta ce za ta riƙa kira ta wayar maƙwabciyarsa mai hoto, su ga juna su yi hirarsu. Ya ce to, Allah ya yi mata albarka. Bai ce mata hira irin tasu sai da ido huɗu ba, ita ma'aikaciyar jinya ce, ta fi shi sanin nawa suka rage.

Da safe ya raka su garejin Talbijin. Motar Inugu irin mai sanyi ce, gilasanta a rufe. Adaora ta zaunar da mahaifinta a jikin taga. Masu rakiya suka yi cirko-cirko suna ɗaga murya, na ciki suna nuna kunne alamar ba sa ji, kowa ya koma kurma. Su biyun kuwa gilashi bai hana su komai ba. Ikenna ya ɗaga hannuwa ya fara zuba: ka riƙa cin abinci, ka bar tafiya a tsakiyar titi, ka je Gusau ka ga yarinyar nan. Zakariyya'u ya amsa, ya tsokane shi a kan tsoron allura, ya jira dariya.

Dariyar ba ta zo ba. Ikenna ya ci gaba da maganarsa, yana murmushi, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi amsa. A nan Zakariyya'u ya lura ba shi ake kallo ba. Idanun sun sauka a kan wani mai sayar da burodi da ke tsaye can gefe, dogo siriri da farar riga, wanda bai ma san ana yi ba. Duk wasiyyar nan shi ake yi wa.

Direba ya tada mota. Zakariyya'u ya ratsa mutane da sauri, ya dafa mai burodin ya ce ya ɗan matsa, da muryar da ta sa rabin gareji suka juyo. Ya tsaya daidai inda mutumin yake, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannuwansa sama yadda za a gani. Ya yi ta amsawa, to, to, na ji, har motar ta fita daga ƙofa ta hau titi.